Ƙanena ya haddace izu 40, amma saƙon kasuwa guda biyar ya gagare shi

Tambaya daga Babban Yaya, Gusau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida jama'ar wannan zaure, musamman likitoci da malamai da ke ba da lokacinsu domin amsa tambayoyinmu. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara 26, kuma tun rasuwar mahaifinmu yake hannuna. Bara, bayan mun sha yawon neman magani, mun kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Likita ya zauna da shi sau uku, ya zauna da ni da Innarmu, daga ƙarshe ya ce abin da ke damunsa larurar ɗabi'a ce da ake kira sikizotaifal, wadda take dangin sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankalin da ke fitar da mutum daga hayyacinsa, amma ba ta kai ta tsanani ba. Bayanin ya yi daidai da abin da muka daɗe muna gani, domin tun yana ɗan shekara 15 ba shi da aboki ko ɗaya, duk mutum biyu da suka yi dariya a bakin titi yana ganin da shi suke, in wuta ta ɗauke daidai lokacin da ya shigo ɗaki sai ya ce ishara ce aka yi masa, kuma maganarsa tana da kewaye-kewaye har mai sauraro ya rasa inda aka dosa.

Abin da ya kawo ni yau shi ne mantuwa. Ina da shagon kayan masarufi a Tsohuwar Kasuwa, kuma na jawo shi jikina don kada zaman ɗaki ya cinye shi. Ranar Litinin da ta wuce, shago cike da masu saye, na ce masa ya je wurin dillalinmu ya karɓo katan biyu na taliya, da ƙaramin buhun sukari, da ashana, da sabulun wanki, sannan ya biya wurin mai cire kuɗi ya ciro dubu ashirin. Ya ce to. Bayan minti 40 ya dawo da taliya da ashana, ya tsaya a bakin kanta yana juya hularsa a hannu, ya ce, "Yaya, na san akwai saura, amma sun watse." Na yi masa tsawa a gaban mutane, kuma har yanzu abin yana cin raina.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yaron nan ya haddace izu 40 tun yana ƙarami, kuma har gobe in ka ja masa baƙi zai ɗora ba tare da tuntuɓe ba. Hanyar da ya taɓa bi sau ɗaya ba ta ɓace masa. Amma karatun kwaleji ya gagare shi a shekarar farko, ya ce in malami yana bayani kamar ana zuba ruwa a kwando yake ji. Inna tana cewa taurin kai ne, wani lokaci kuma ta ce iska ce. Maiɗakina tana zargin magungunan da yake sha. Ina roƙon masana su gaya mini: mantuwar nan tana cikin larurar ce, ko wani abu ne dabam? Za ta riƙa ƙaruwa kamar gigin tsufa? Kuma ni da nake tare da shi kullum, me ya kamata in yi?

Amsa daga Masanin Halayyar Ɗan'adam:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon zumunci. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba, likitansa ne mai wannan, amma abin da ka kwatanta sananne ne a fagenmu, kuma kalmar da ƙanenka ya yi amfani da ita, wato "sun watse", ta fi kalmar mantuwa dacewa da abin da bincike ya nuna.

Bari in fara da dalilin da ya sa aka ma binciki wannan fanni. A shekarun 1960, Seymour Kety da abokan aikinsa sun bi diddigin mutanen da aka ba da riƙonsu tun suna jarirai a ƙasar Denmak, suka tarar cewa a cikin dangin jini na masu sikizofireniya akwai mutane masu baƙuwar ɗabi'a da zargi da kaɗaici, waɗanda ba su taɓa fita hayyacinsu ba. Daga irin wannan aiki ne larurar ta shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wato DSM, a 1980, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ta ne kusa da sikizofireniya a nata kundin. Da yake an riga an san cewa masu sikizofireniya suna da rauni wajen koyo da riƙe magana, sai aka tambaya ko ana samun irin wannan rauni a wajen masu sikizotaifal, 'yar uwarta. An same shi, sai dai bai kai na waccan nauyi ba.

Gwajin da aka fi amfani da shi shi ne gwajin koyon kalmomi na Kalifoniya, wanda aka fitar a 1987. Ana karanta wa mutum jerin kalmomi 16 kamar jerin cefane, huɗu kayan marmari, huɗu tufafi, huɗu kayan aiki, huɗu kayan yaji, amma a cakuɗe, ba tare da an gaya masa akwai rukuni ba. A karanta sau biyar, kowane karo ya faɗi abin da ya riƙe. Sannan a karanta masa wani jeri dabam don a ga ko zai rikita na farko, a bar shi kamar minti 20, a sake tambayarsa, daga ƙarshe a karanto kalmomi da yawa a ce ya nuna waɗanda ke cikin jerin farko.

Ka ɗauka da Hausa ne, na ce maka: lemo, hula, guduma, citta, riga, mangwaro, kanumfari, zarto. Yawancin mutane, ko ba su lura ba, zuwa karo na biyu ko na uku za su fara cewa lemo da mangwaro, hula da riga, guduma da zarto, citta da kanumfari. Sun mayar da abu takwas ya zama huɗu. Manomi ba ya kwasar gero zangarniya-zangarniya ya kai rumbu, ɗaure shi yake yi dami-dami, kuma haka ƙwaƙwalwa take yi da magana tun tana shigowa. Abin da Martina Voglmaier da abokan aikinta na Jami'ar Harvard suka ruwaito a 1997 da 2000, wanda kuma ya yi kusa da abin da rukunin Larry Siever na asibitin Mount Sinai da ke Niyok ya samu, shi ne cewa masu sikizotaifal suna koyon kalmomi ƙasa da takwarorinsu a cikin karo biyar ɗin nan, kuma rukunin na Harvard ya lura ba su cika ɗaure su rukuni-rukuni da kansu ba. Raunin ya fi bayyana a abin da aka faɗa da baki, fiye da abin da aka gani da ido kamar zane ko siffa, kuma wannan ya yi daidai da abin da ka ce game da hanya. Galibi kuma matsalar ta fi tsanani a lokacin ɗaukar maganar, domin abin da ya samu ya shiga da kyau yakan zauna.

Akwai abu na biyu, wato riƙon ɗan lokaci: ikon riƙe abu a zuci na daƙiƙoƙi kana aiki da shi, kamar yadda kake riƙe lambar waya kafin ka danna ta. Wannan ma'ajiya ƙarama ce ga kowa, kuma an sha nuna cewa ta fi ƙuntata ga masu wannan larura. Ka duba saƙonka na ranar Litinin. Kaya huɗu ne, ɗaya da adadi, ɗaya da girma, ga wuri na biyu, ga adadin kuɗi, duk a numfashi ɗaya. A ganina kuma akwai abin da gwajin ɗaki ba ya kamawa: mutumin da yake ganin kowane murmushi a kansa ake yi, idan ya tsaya a cikin kasuwa, wani kaso na hankalinsa yana gadin fuskokin jama'a, saura kaɗan ne ya rage wa taliya da sukari.

Game da ƙwaƙwalwar kanta, hoton da aka ɗauka a wani bincike na 1999 ya nuna ɗan raguwar girma a wani sashe na gefen hagu, daidai saman kunne, inda ake sarrafa maganar da aka ji. Sashen goshi kuwa bai cika taɓuwa kamar yadda yake taɓuwa a sikizofireniya ba, kuma wasu masana suna ganin wannan ne yake kare su daga cikakken ruɗewa. Ina jan kunnenka a nan: waɗannan matsakaicin sakamako ne na rukunin mutane 'yan gomomi, ba a gane larurar ta hoton mutum guda, saboda haka kada kowa ya sa ka kashe jarinka wajen ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da sunan tabbatar da ita. Haka kuma gwajin kalmomin nan da Ingilishi aka tsara shi, da Amurkawa aka auna ma'auninsa, don haka in an yi wa Bahaushe shi kai tsaye, adadin da ya samu ba abin ɗauka ba ne a matsayin hukunci.

Gigin tsufa kuwa wani abu ne dabam. A can rumbun ne yake lalacewa, abin da aka sa jiya ya ɓace yau, kuma abin yana ci gaba shekara bayan shekara har mutum ya manta sunan 'ya'yansa. Ba haka aka san tafiyar sikizotaifal ba. Idan ka ga mantuwarsa tana ƙaruwa da sauri cikin 'yan watanni, to wannan dalili ne na komawa asibiti da gaggawa a nemi wani sanadi.

Amsa daga Ma'aikaciyar Jinya, Anka:

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Bayanin Malam ya gamsar, amma ina so in tsaya a gefen maiɗakinka, domin kafin a jingina komai ga larurar, akwai abubuwan da ake iya gyarawa waɗanda ya kamata a fara kawarwa.

Ka zazzage ledar magungunansa ka karanta kowane suna. Idan akwai benzekzol, wanda mutane suka fi sani da Artane ko Exol, to ka sani ana ba da shi ne don rage sanƙarewar jiki da karkarwar da wasu magungunan ƙwaƙwalwa ke haddasawa, amma yana toshe aikin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda koyon sabon abu ya dogara da shi. Alamominsa su ne bushewar baki, taurin bayan gida, dishi-dishin gani, da kuma irin wannan rashin riƙe magana. Sau da yawa ana rubuta shi na ɗan lokaci, sai iyali su ci gaba da sayensa a kemis shekara da shekaru. Diyazefam ma, wanda ake ba mai rashin barci, yana dakushe riƙon sabon abu. Kada ka dakatar da komai da kanka, musamman wanda aka daɗe ana sha, ka kai wa likitan da ya rubuta ya duba.

Sannan ka bincika, cikin lalama, ko yana taɓa wiwi ko tiramadol. Na san tambayar tana da nauyi ga mahaddaci, amma matasa masu tsoron jama'a sukan faɗa ciki don su samu sauƙin tsoron. Wani bincike daga Denmak da aka buga a 2018, wanda ya bi mutane fiye da 2,500 masu wannan larura, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku sun koma sikizofireniya cikin shekara 20, kuma adadin ya fi haka nesa ba kusa ba a tsakanin masu shan wiwi. Waɗannan mutane ne da larurar ta kai su asibiti, don haka ba lallai adadin ya hau kan kowa ba, amma darasin wiwi a fili yake.

Ciwon damuwa ma yana cin hankali. Kundin DSM na 2013 ya ce tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu sikizotaifal da ake gani a asibiti suna tare da ciwon damuwa mai tsanani, kuma shi yana da magani. Yaya barcinsa? A jiharmu, inda mutane da yawa suke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, na ga masu lafiya ƙalau da rashin barci ya mayar da su masu mantuwa.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi Zamfara musamman. Na farko gubar dalma, wadda aka gano a 2010 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, kuma dalma tana barin tabo a basirar waɗanda suka rayu. Idan ƙanenka ya taɓa zama a irin waɗannan wurare ko ya yi aikin haƙar ma'adinai, a gaya wa likita. Na biyu sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 2017, kuma yakan bar raunin ji. Mutumin da kunnensa ɗaya ya yi rauni, a cikin hayaniyar kasuwa rabin saƙo zai ji, a ce ya manta. Gwajin ji ba shi da wahala.

Maganin ƙarin riƙo kuwa, an gwada wasu a Amurka, kamar guwanfasin a 2007, a kan mutane ƙalilan, an ga ɗan alamun amfani, amma babu wanda ya zama maganin da aka amince a riƙa bayarwa don wannan matsala. Duk mai lasifika a tasha da ya ce yana da maganin kaifin basira, ka riƙe kuɗinka.

Amsa daga Malamin Allo, Kaura Namoda:

Assalamu alaikum. Ni ba likita ba ne, shekara 30 ke nan ina koyar da allo, kuma da na karanta misalin dami sai na ga ina da abin cewa a kan izu 40 ɗin nan da ke ba Alhaji mamaki.

Ku duba yadda hadda take shiga. Ana rubuta wa yaro ɗan abin da zai iya ɗauka, wani layi uku, wani rabin allo. Malam ya biya masa, ya maimaita da murya, idonsa yana kan rubutun, yatsansa yana bin baƙi, jikinsa yana rangaji da sautin. Zai maimaita da asuba, ya maimaita da hantsi, ya maimaita da dare a bakin wuta, kuma ba a yarda ya wanke allon ba sai ya kawo shi ba gyara. Bayan ya wanke ma akwai tilawa, wadda take dawo da shi kan na baya kullum. Sannan shi Alƙur'ani a tsare ya zo, aya tana jan aya, ƙarshen ayoyi yana da amo ɗaya, ga sumuni ga izu. Ɗalibi bai ɗaure komai da kansa ba, a ɗaure ya tarar da shi. Saƙon kasuwa kuwa sau ɗaya aka faɗa, babu rubutu, babu amo, babu abin da ya haɗa ashana da sukari. Saboda haka ni ban ga karo tsakanin abubuwan biyu ba, kuma yaron da ya riƙe izu 40 ya riga ya nuna muku hanyar da abu yake shiga kansa.

Na taɓa samun ɗalibai irinsa, masu zama a gefe, waɗanda in ka aike su sai su dawo da rabin saƙo, amma allonsu tsaf. Na lura duka ba ya ƙara musu komai sai firgita, kuma firgitaccen yaro ko Fatiha sai ta kuɓuce masa.

Ga Inna kuma, Alhaji, ka gaishe ta, ka gaya mata cikin ladabi cewa addu'arta ita ce kan gaba, ta ci gaba da yi masa, amma kada a yarda wani ya ɗaure shi ko ya dake shi da sunan fitar da iska. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Amsa daga Mai Ɗinki, Talata Mafara:

Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa rubutu ba, amma wannan tambaya ta shafe ni, domin shekara huɗu ke nan da likita ya gaya mini ina da wannan larura. Yaya, ina so in gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Idan mace ta kawo mini ɗinki ta tsaya a gabana tana cewa hannu ya zama kaza, wuya kaza, a sa aljihu a dama, a rage tsawo da inci biyu, ina jin kowace kalma sarai. Amma idonta yana kaina, ni kuma ina tambayar kaina me ya sa ta kalli labulen ɗakina, me ya sa ta yi murmushi da ta ce aljihu, ko wata ce ta aiko ta ta gano halin da nake ciki. Kafin ta kai ƙarshe, farkon ya tafi. Ina cewa to, ba don na riƙe ba, sai don ta daina kallona ta tafi. Ina kyautata zaton "to" ɗin da ƙanenka ya ce maka ranar Litinin irin wannan ce. Na ɓata atamfar mutane ba sau ɗaya ba, na biya daga aljihuna, har na kusa sayar da keken.

Abin da ya cece ni ƙaramin littafi ne da na ɗaure da zare a jikin keken. Kowace mai ɗinki tana da shafinta, na raba shi gida uku, awo, fasali, da ranar karɓa da kuɗi, kuma ba na barin ta tafi sai na cike gidajen na karanta mata. Waɗanda muka saba kuma ina roƙonsu su turo mini saƙon murya ta WhatsApp, domin in na zauna ni kaɗai zan saurara sau uku ko huɗu ba mai kallona, kuma a nan maganar takan zauna daram.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa, cewa a sa mutum ya maimaita saƙo kafin ya tafi. Tana da amfani, amma ina roƙonka kada ka yi masa haka a gaban masu saye, domin a wurinmu wannan jarrabawa ce a bainar jama'a, kuma duk wanda ya juyo zai zama shaida a zuciyarsa cewa ana yi masa dariya. Ka ja shi bayan kanta, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa kuna kallon kaya maimakon kallon juna, ka faɗa a hankali, ka bar shi ya rubuta da hannunsa, da boko ko da ajami, wanda ya fi masa sauƙi. Kuma tsawar da ka yi masa, in za ka iya, ka ba shi haƙuri da bakinka. Mu ba mu cika nuna abin da ke ranmu a fuska ba, sai a ɗauka abin bai dame mu ba, alhali muna iya shekara muna juya shi.

Ƙarin bayani daga Masanin Halayyar Ɗan'adam:

Malamin allo da Malama mai ɗinki sun faɗi abin da ya fi nawa amfani a aikace. Abin da Malam ya kwatanta, wato maimaici a rarrabe cikin yini da kwanaki, shi ne abin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa ya fi maimaici a zama ɗaya ƙarko. Littafin Malama mai gida uku kuwa ɗaurin dami ne da aka yi a takarda. Alhaji, kai ma ka riƙa ɗaure masa saƙon kafin ka miƙa: ka fara da adadi da wuri, ka ce wuri biyu za ka, wurin dillali abu huɗu, biyu na ci, biyu ba na ci ba, sannan ka lissafa. Ina ƙara da cewa wani binciken rukunin Harvard na 2005 ya nuna raunin koyon magana ya fi fitowa a maza masu larurar fiye da mata, saboda haka kada ka auna saurinsa da na Malama.

Abu ɗaya game da maganar iska, saboda masu karatu: yarda da aljanu ko sammu kaɗai ba alamar wannan larura ba ce. Ƙa'idar da kundin DSM ya gindaya ita ce imanin ya saɓa wa abin da al'ummar mutum ta saba da shi, kuma sai an samu aƙalla alamomi biyar cikin tara, masu daɗewa, kafin a ambaci sunan.

Babban Yaya, Gusau, ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada abin da kuka ce.

Malama ma'aikaciyar jinya, na zazzage ledar. Akwai risferidon, maganin ƙwaƙwalwar da likita ya rubuta, akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi farare na benzekzol. Da na duba katinsa sai na ga na mako biyu aka rubuta tun bara, amma yaron da muke aikawa kemis yana haɗo su duk wata, mai kemis ɗin kuma bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa dubawa ba. Ƙanena ya ce bakinsa yana bushewa har cikin dare yake tashi shan ruwa, kuma bai faɗa ba don yana zaton haka larurar take. Ban dakatar da su ba, kamar yadda kika ce. Ba mu taɓa zama yankin haƙar zinariya ba, bai yi sanƙarau ba, amma zan nemi a gwada jinsa duk da haka. Maganar wiwi na yi masa ita bayan sallar isha'i muna tafiya gida, ya ce bai taɓa ba, kuma na yarda da shi.

Malama mai ɗinki, na ba shi haƙuri. Bai ce komai ba, fuskarsa ba ta canza ba, amma washegari ya riga ni zuwa buɗe shago. Na saya masa ƙaramin littafi, ya zaɓi ya riƙa rubutu da ajami. Ranar Asabar na ja shi bayan buhunan shinkafa na ba shi saƙo irin na wancan karon, a ɗaure kamar yadda Malam masanin halayya ya koya mini. Ya kawo kaya huɗun cif, amma bai biya wurin mai cire kuɗi ba, ya ce ya ga rubutun, sai dai mutane sun yi layi kuma wani yana ta kallonsa, shi ya sa ya wuce. Wannan karon ke nan ba mantuwa ba ce, tsoron jama'a ne, kuma da ban tambaye shi a natse ba da na sake lissafa shi cikin mantuwa.

Ranar Alhamis za mu koma Kware. Zan tafi da ledar magungunan gaba ɗaya da littafin nasa, kuma zan tambayi likita ko akwai wanda zai riƙa zama da shi a kan wannan tsoro. Inna ta ce za ta bi mu, tana so ta ji bayanin da kunnenta.